Wa Ke Ƙarƙashin Layi? Jagorar Lissafin Haihuwa Da Mace-Mace Ga Mai Shirin Jarrabawa

Shekarun baya na zauna duba takardun gwaji na wasu ɗalibai masu koyon aikin kiwon lafiya. Tambayar ba mai wuya ba ce. An ba su yawan mutanen wata ƙaramar hukuma, da yawan haihuwa, da yawan jariran da suka rasu kafin su cika shekara, aka ce su fitar da ma'aunin mutuwar jarirai. Wata ɗaliba mai kyakkyawan rubutu ta jera aikinta tsaf, ta ja layi, ta rubuta amsa: 3 cikin 1,000. Ba ta yi kuskuren tarawa ko rabawa ba. Abin da ta yi shi ne ta ɗora jariran da suka rasu a kan dukkan mutanen garin, har da tsofaffi da 'yan kasuwa da direbobin tasha, alhali a kan jariran da aka haifa a shekarar ya kamata ta ɗora su. Amsar gaskiya 75 ce. Abin ya tsaya mini a rai, domin gobe ita ce za ta riƙe rajistar asibitin ƙauye, kuma tsakanin 3 da 75 akwai rayukan 'ya'yan mutane.

Tun daga ranar nake gaya wa duk mai shirin wannan jarrabawa, ko ta makarantar koyon aikin jinya da ungozoma ce, ko ta labarin ƙasa da tattalin arziki a WAEC da NECO, ko ta jami'a, cewa makin nan a ƙarƙashin layi ake cinsa, a nan kuma ake zubar da shi. Kowane ma'auni da za ku gamu da shi abu uku ne: lambar sama, wato abin da ya faru, da lambar ƙasa, wato waɗanda abin zai iya faruwa a kansu, sai lambar da ake ninkawa da ita, 100 ko 1,000 ko 100,000. Lambar sama kusan kullum tana cikin tambayar ɓaro-ɓaro. Ta ƙasa ce mai jarrabawa ke ɓoyewa cikin tarin alƙaluma don ya ga wanda ya fahimta da wanda ya yi hadda kawai.

Matakin farko: ƙididdiga ta asali

A ƙaddara kun tambayi mata tara a unguwarku yawan 'ya'yan da kowacce ta haifa, kuka samu 5, 3, 12, 2, 3, 7, 4, 3, 6. Kafin komai ku jera su daga ƙarami zuwa babba: 2, 3, 3, 3, 4, 5, 6, 7, 12. Wanda bai jera ba zai ɗauki 3 a matsayin lambar tsakiya don ita ce ta biyar a jerin farko, ya faɗi tun ba a je ko'ina ba.

Matsakaici shi ne a tara duka a raba da yawansu: 45 a raba gida 9, ya ba da 5. Lambar tsakiya ita ce wadda ta raba jerin biyu daidai, a nan ta biyar, wato 4. Da matan goma ne, sai a haɗa ta biyar da ta shida a raba biyu. Mai yawan fitowa ita ce 3, don ta fito sau uku. Tazara kuwa babba a ɗebe ƙarami: 12 ban da 2, saura 10.

Ku dubi yadda matar nan mai 'ya'ya 12 ta ja matsakaici sama, alhali lambar tsakiya ba ta motsa ba. Da 20 ta haifa, lambar tsakiya tana nan a 4. Saboda haka idan aka tambaye ku wane ma'auni ya fi dacewa da alƙaluman da ke da wata lamba da ta yi fintinkau, kamar kuɗin shigar mutanen unguwar da attajiri ɗaya ke cikinta, amsar ita ce lambar tsakiya.

Ma'aunin warwatsuwa, wanda takarda ke rubutawa SD, shi ne ke tsorata ɗalibai, alhali aikin haƙuri ne kawai. Ku ɗebe matsakaici daga kowace lamba, za ku samu -3, -2, -2, -2, -1, 0, 1, 2, 7. Ku tara waɗannan don gwaji, dole su ba da sifili, in ba haka ba akwai kuskure a baya. Sai ku ninka kowacce da kanta: 9, 4, 4, 4, 1, 0, 1, 4, 49, jimilla 76. Idan matan tara su ne dukkan waɗanda ake magana a kansu, a raba da 9, a samu 8.44. Idan samfuri ne da aka tsamo daga cikin mata masu yawa, a raba da 8, wato yawansu ban da ɗaya, a samu 9.5. Mataki na ƙarshe shi ne neman lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan sakamako, maɓallin √ ke nan a kalkuleta: 2.91 ga na farko, 3.08 ga na biyu. Ku karanta tambayar da kyau ku ga ko ta ambaci samfuri.

Saura abu ɗaya kafin mu shiga haihuwa. Akwai kaso, inda lambar sama wani yanki ce ta lambar ƙasa, kamar mata cikin dukkan jama'a. Akwai kwatanci, inda na sama ba ya cikin na ƙasa, kamar maza nawa ne ga kowaɗanne mata 100. Akwai kuma saurin aukuwa, wanda dole sai da lokaci a cikinsa, galibi shekara guda. Ku riƙe bambancin, zai yi amfani idan muka zo kan mutuwar mata masu juna biyu.

Garin da za mu yi aiki da shi

Duk lissafin da ke tafe a kan wata ƙaramar hukuma ce da na ƙaga don koyo. Ku kwafe alƙaluman a takarda, ku riƙa yi tare da ni. Ranar 1 ga Janairu mutanenta 196,000 ne, ranar 31 ga Disamba sun kai 204,000. A cikin shekarar an haifi jarirai 8,400 da rai, wasu 200 ba su zo da rai ba, mutum 2,400 sun rasu. Mata 'yan shekara 15 zuwa 49 su 45,000 ne.

Abu na farko da za ku fitar, ko an tambaya ko ba a tambaya ba, shi ne yawan jama'a na tsakiyar shekara. Mutane suna ƙaruwa suna raguwa kullum, don haka ake ɗaukar 1 ga Yuli a matsayin wakiliyar shekarar. A haɗa 196,000 da 204,000 a raba biyu, 200,000 ke nan.

Ma'aunan haihuwa, daga ɗanye zuwa tatacce

Ɗanyen ma'aunin haihuwa, CBR, shi ne haihuwa mai rai a kan jama'ar tsakiyar shekara sau 1,000. A garinmu 8,400 a raba da 200,000 sau 1,000, ya ba da 42 cikin kowane mutum 1,000. Jarirai 200 da ba su zo da rai ba, ba sa shiga. An kira shi ɗanye ne saboda a ƙasansa an zuba kowa da kowa, maza da yara da tsofaffi, waɗanda ba su ne ke haihuwa ba. Garin da samari 'yan ci-rani suka cika zai nuna ƙaramin CBR ko da matansa suna haihuwa sosai.

Don gyara wannan sai aka cire kowa aka bar mata masu shekarun haihuwa. Shi ne GFR: 8,400 a kan 45,000 sau 1,000, wato 186.7 cikin mata 1,000. Wasu littattafan suna tsayawa a shekara 44, don haka ku bi abin da tambayar ta bayar. Amma shi ma da sauran gyara, domin 'yar shekara 25 da 'yar 47 ba ɗaya suke ba wajen haihuwa. Sai a kasa matan rukuni bakwai, shekara biyar-biyar, kowane rukuni a ɗora haihuwarsa a kan matansa sau 1,000. Wannan shi ne ASFR:

15 zuwa 19: mata 10,000, haihuwa 1,200, ma'auni 120
20 zuwa 24: mata 9,000, haihuwa 2,250, ma'auni 250
25 zuwa 29: mata 8,000, haihuwa 2,160, ma'auni 270
30 zuwa 34: mata 6,000, haihuwa 1,440, ma'auni 240
35 zuwa 39: mata 5,000, haihuwa 900, ma'auni 180
40 zuwa 44: mata 4,000, haihuwa 360, ma'auni 90
45 zuwa 49: mata 3,000, haihuwa 90, ma'auni 30

Ku lura da wani tarko a nan. Rukunin 20 zuwa 24 ya fi kowa yawan haihuwa, 2,250, amma rukunin 25 zuwa 29 ne ya fi ƙarfin haihuwa, 270. Idan aka tambayi inda haihuwa ta kai ƙololuwa, ma'aunin ake nufi.

Daga wannan jadawali ake fitar da TFR, wato jimillar 'ya'yan da mace ɗaya za ta haifa, wanda shi ne ya fi fitowa a jarrabawa, shi ne kuma za ku riƙa ji a rediyo. A tara ma'aunan bakwai: 1,180. A ninka sau 5: 5,900. A raba da 1,000: 5.9. Dalilin biyar ɗin shi ne kowace mace tana shafe shekara biyar a cikin kowane rukuni, ma'aunin kuwa na shekara ɗaya ne. Wanda ya manta da ita zai samu 1.18, kuma hankali kaɗai ya isa ya gaya masa garin da CBR ɗinsa 42 ne ba zai yiwu mace ta tsaya a ɗa ɗaya ba.

Fassarar TFR tana da maki nata na daban, don haka ku iya faɗinta daidai: yawan 'ya'yan da mace ɗaya za ta haifa a rayuwarta, idan ta rayu har ƙarshen shekarun haihuwa, kuma ta haihu bisa ma'aunan wannan shekara a kowane rukuni. Ana faɗinsa ne ga kowace mace, ba cikin 1,000 ba. Falalarsa ita ce tsarin shekarun jama'a ba ya ruɗa shi, shi ya sa ake kwatanta ƙasashe da shi. Binciken lafiya da yawan al'umma na Najeriya, NDHS, ya nuna 5.7 a 2008, da 5.5 a 2013, da 5.3 a 2018. A na 2018 jihar Katsina ce kan gaba da 7.3, Legas kuma a ƙasa da 3.4. A Nijar binciken 2012 ya ba da 7.6. A ɗaya gefen duniya, Koriya ta Kudu ta sauka har 0.72 a 2023. Matakin da al'umma ke maye gurbin kanta kusan 2.1 ne inda mutuwar yara ba ta da yawa. Inda yara ke mutuwa da yawa ya fi haka, domin ba kowace yarinya ke kaiwa shekarun haihuwa ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta haifar da ma'aunai biyu da suka rage. GRR yana ƙirga 'ya'ya mata kaɗai. A dabi'ar haihuwa ana samun maza kusan 105 ga kowaɗanne mata 100, don haka kason mata 100 ne cikin 205, wato 0.488. A ninka 5.9 da shi, a samu kusan 2.9. NRR shi ne GRR bayan an yi la'akari da waɗanda za su rasu kafin su gama shekarun haihuwa, don haka kullum yana ƙasa da GRR. Idan NRR ya zama 1, kowace uwa ta bar 'ya ɗaya da za ta gaje ta ke nan.

Ma'aunan mace-mace

Ɗanyen ma'aunin mutuwa, CDR, tagwayen CBR ne: 2,400 a kan 200,000 sau 1,000, wato 12. A ɗebe 12 daga 42, saura 30 cikin 1,000, ko kashi 3 cikin 100 a shekara. Wannan ita ce ƙaruwa ta dabi'a. Ƙa'idar gano lokacin da jama'a za su ninka biyu ita ce a raba 70 da kashin ƙaruwar: 70 a raba da 3, a samu kusan shekara 23 idan aka ɗore a haka. Amma ku koma kan alƙaluman farko. Haihuwa ban da mutuwa 6,000 ce, garin kuwa ya ƙaru da 8,000. Ragowar 2,000 ɗin baƙi ne, wato waɗanda suka shigo sun fi waɗanda suka fita da 2,000. Ƙaruwar jama'a gaba ɗaya kashi 4 ce, ta dabi'a kashi 3. Mai jarrabawa yana son wannan bambanci ƙwarai.

Yanzu ga wurin da ɗalibar nan ta zame. A ce jarirai 630 ne suka rasu kafin cika shekara, 336 daga cikinsu a kwana 28 na farko, 252 daga cikin waɗannan kuma a makon farko. Ma'aunin mutuwar jarirai, IMR, shi ne 630 a kan haihuwa mai rai 8,400 sau 1,000, wato 75. Na sabbin haihuwa, kwana 28 na farko, 336 a kan 8,400, ya ba da 40. Na bayan kwana 28 har zuwa shekara, 294 a kan 8,400, ya ba da 35. Haɗa 40 da 35, ka dawo 75. Waɗannan biyun suna haɗuwa lafiya lau domin lambar ƙasansu ɗaya ce.

Raba su da aka yi yana da dalili. Mutuwar kwanakin farko galibi daga ciki da naƙuda take tasowa: bakwaini, doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, ƙwayar cuta da ta shiga ta cibiya. Ta bayan wata guda kuwa daga muhalli take: gudawa, ciwon haƙarƙari, zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, tamowa. Maganin ta farko awon ciki da haihuwa a hannun ƙwararru, maganin ta biyu rigakafi da ruwa mai tsabta da gidan sauro da shayarwa. Idan aka ce ku yi sharhi a kan alƙaluma, wannan ake son ji.

Ma'aunin mutuwar dab da haihuwa shi kaɗai ne a nan ke canza lambar ƙasa. A samansa ana haɗa waɗanda ba su zo da rai ba, daga mako 28 na ciki, da waɗanda suka rasu a kwana bakwai na farko: 200 da 252, wato 452. Tunda an sa marasa rai a sama, dole a sa su a ƙasa: 8,400 da 200, wato 8,600. Amsa 52.6 cikin haihuwa 1,000.

A nan ina so ku tsaya ku yi tunanin gidajenmu. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, jaririn da ya nuna kowace alamar rai bayan fitowa, numfashi ko bugun zuciya ko motsin gaɓa ko bugun igiyar cibiya, haihuwa ce mai rai, ko da minti ɗaya ya yi, ko watansa nawa a ciki. Dole a ƙirga shi a haihuwa, a kuma ƙirga shi a mutuwa. Amma mu a wajenmu jaririn da ya koma kafin ranar suna, sau da yawa ba a sake ambatonsa. Ka tambayi uwa 'ya'ya nawa ta haifa, ta lissafa maka masu suna, ta yi shiru a kan wanda ya koma ran kwana uku, don kunya ko alkunya ko ciwon da ba ta son tadawa. Shi ya sa masu bincike ke sake tambaya a hankali ko akwai wanda ya yi kuka ko ya motsa sannan ya koma. Idan jarrabawa ta tambayi dalilan da ke sa alƙaluman mutuwar jarirai su fito ƙasa da gaskiya, ga amsa a tafin hannunku, tare da haihuwar gida da ba a kai rajista ba.

Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ita ma a kan haihuwa mai rai 1,000 ake faɗinta. NDHS ta 2018 ta ba Najeriya 39 ga sabbin haihuwa, 67 ga jarirai, 132 ga 'yan ƙasa da biyar, wato kusan yaro ɗaya cikin takwas. Ta kuma ba da 69 ga 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Wani zai haɗa 67 da 69 ya samu 136, ya ce an yi kuskure. Ba a yi ba. Shi 69 ɗin a kan yaran da suka tsallake shekarar farko aka ɗora shi, ba a kan dukkan haihuwa ba. Cikin 1,000, 933 ne suka tsallake, kashi 69 cikin 1,000 nasu kusan 64 ne, a haɗa da 67 a samu 131, ɗan bambancin da ya rage na cike lamba ne, wato mai da ita lamba cikakkiya mafi kusa. Burin muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne kafin 2030 a sauko zuwa 12 ga sabbin haihuwa, 25 ga 'yan ƙasa da biyar.

Mata masu juna biyu: kama da wane ba ta wane

Ma'anar sai an riƙe ta da kyau. Mutuwar mace tana da ciki, ko cikin kwana 42 bayan ƙarewar cikin, ko ta haihuwa ko ta ɓari, saboda dalilin da cikin ya jawo ko ya tsananta, ko kulawar da aka yi masa. Don tuna 42, ku tuna arba'in ɗin mai jego ku ƙara kwana biyu. Zubar jini da jijjiga da zazzaɓin bayan haihuwa duk suna ciki. Mai cikin da ta rasu a haɗarin mota ba ta ciki.

A ce mata 42 ne suka rasu haka a garinmu. Idan aka ɗora su a kan haihuwa mai rai, 42 a kan 8,400 sau 100,000, an samu 500. Wannan kwatanci ne, don iyaye ne a sama, jarirai a ƙasa, kuma yana auna haɗarin da ke cikin kowane ciki. Shi ne wanda aka fi sani da MMR, wanda NDHS ta 2018 ta ƙiyasta 512 ga Najeriya, burin duniya kuwa ƙasa da 70. Idan kuma aka ɗora su a kan mata masu shekarun haihuwa, 42 a kan 45,000 sau 100,000, an samu 93.3. Wannan saurin aukuwa ne, ya haɗa haɗarin ciki da yawan ɗaukar cikin. Sunayensu na Turanci a takarda, "maternal mortality ratio" ga na farko da "maternal mortality rate" ga na biyu, sun yi kama sosai, har haruffan farkonsu ɗaya ne, don haka ku karanta kalmar ƙarshe ta sunan kafin ku taɓa kalkuleta.

Irin wannan ne idan aka zo kan cuta guda. A ce kwalara ta kama mutum 500, ta kashe 20. Ashirin a kan 500 sau 100 kashi 4 ne, wannan zafin cutar ke nan ga wanda ta kama. Ashirin a kan 200,000 sau 100,000 ya ba da 10, wannan nauyinta ne a kan garin. Ashirin a kan mamata 2,400 sau 100 ya ba da 0.83, wannan rabonta ne cikin dukkan mace-macen shekarar. Lambar sama ɗaya, amsa uku.

Me ya sa ba a kwatanta garuruwa da ɗanyen ma'auni

Ɗanyen ma'aunin mutuwa na Japan ya fi na Nijar, alhali tsawon rai a Japan ya haura shekara 80. Dalili shi ne Japan cike take da tsofaffi, Nijar kuwa kusan rabin jama'arta yara ne 'yan ƙasa da 15. Ga yadda ake warware wannan da lissafi. Gari na ɗaya da na biyu kowanne mutum 100,000. A na ɗaya yara 45,000, manya 50,000, tsofaffi 5,000, ma'aunan mutuwarsu 10 da 5 da 60 cikin 1,000. Mamata 450 da 250 da 300, jimilla 1,000, CDR 10. A na biyu yara 15,000, manya 60,000, tsofaffi 25,000, ma'aunansu 2 da 3 da 40. Mamata 30 da 180 da 1,000, jimilla 1,210, CDR 12.1. Ga alama na biyu ya fi mutuwa, alhali a kowane rukuni ya fi na ɗaya lafiya. Sai a daidaita: a ɗauki ma'aunan gari na biyu a ɗora su a kan tsarin jama'ar gari na ɗaya. Yara 45,000 da ma'auni 2 sun ba da 90, manya 50,000 da 3 sun ba da 150, tsofaffi 5,000 da 40 sun ba da 200. Jimilla 440, wato 4.4 a gaban 10. Wannan ita ce daidaitawa ta kai-tsaye, kuma lambar da ta fito don kwatanci kawai take, ba ainihin mutuwar garin ba ce.

Tsawon rai da ake sa ran jariri zai yi shi ma ana yi masa gurguwar fahimta. Idan aka ce shekara 56, ba ana nufin mutane na mutuwa a 56 ba ne. Cikin mutum goma, biyu su rasu suna jarirai, takwas su kai 70, matsakaici 560 a raba goma, 56 ke nan, kuma babu ko ɗaya da ya mutu a wannan shekara.

Tambayar daga ina alƙaluman suke fitowa ba ta cika wuce hanyoyi uku ba. Ƙidayar jama'a, wadda Najeriya ta yi a 1991 ta samu kusan miliyan 89, ta sake a 2006 ta samu 140,431,790, Nijar kuma ta yi a 2012 ta samu sama da miliyan 17. Rajistar haihuwa da mutuwa, wadda a Najeriya ke hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sai binciken samfuri irin NDHS, wanda ake dogaro da shi saboda rajistar ba ta game ko'ina ba. Cikin matsalolin da za ku ambata kada ku manta da tarin shekaru a kan lambobi masu ƙarewa da 0 da 5: ka tambayi dattijo shekarunsa ya ce hamsin ko sittin, da wuya ka ji 53.

A zauren jarrabawa

Da kun karanta tambayar lissafi, ku rubuta ƙa'idar da kalmomi tukuna, sama da ƙasa da abin ninkawa, sannan ku zuba lambobi. Masu dubawa suna ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kauce. Ku ja layi ƙarƙashin lambar ƙasa ku tambayi kanku ko waɗannan mutanen ne abin zai iya samu. Kada ku bar amsa tsirara: 75 kaɗai ba amsa ba ce, 75 cikin haihuwa mai rai 1,000 ita ce amsa. Kada ku cike lamba sai a matakin ƙarshe. Sannan ku auna amsar da hankali. CBR da ya wuce 55, ko TFR da ya haura 9, ko NRR da ya fi GRR, ko mutuwar sabbin haihuwa da ta fi IMR, duk alamu ne cewa wata lamba ta zauna inda ba wurinta ba.

Daren yau ku rufe wannan shafi, ku ɗauki alƙaluman garin nan kaɗai, ku fitar da ma'aunan duka da ka. Gobe ku canza haihuwa mai rai zuwa 7,000, mata masu shekarun haihuwa zuwa 50,000, jariran da suka rasu zuwa 420, iyaye mata zuwa 28, jama'ar tsakiyar shekara ku bar su a 200,000. Idan kun samu CBR 35, GFR 140, IMR 60, da 400 cikin haihuwa mai rai 100,000 ga iyaye mata, sai ku wuce kan tambayoyin shekarun baya.